Mujitaba, Mai Dakon Lokaci Daga Kwanar Dangora

Da an sallame sallar asuba a Ba'awa, Malam Mujitaba Bala yakan ɗaure tsohuwar jakarsa a bayan babur ya kama hanya. A cikin jakar akwai laftop mai tsagaggen murfi, da sukundireba biyu, da salatif, da wani gwangwanin alewa cike da ƙananan batura masu faɗin kwabo. Ba ya wucewa wurin aiki kai tsaye. Sai ya tsaya Kwanar Dangora, inda sabis ke da ƙarfi, ya zauna bencin mai shayi, ya buɗe laftop ɗin ya jira har ta karɓi lokaci daga intanet, daidai da daƙiƙa. Direbobin da ke wurin sun daɗe suna zaton sakamakon ƙwallo yake dubawa, shi kuma bai taɓa gyara musu ba. Da ta karɓa sai ya rufe, ya shanye shayinsa, ya ɗauki lokacin nan ya nufi ƙauyukan da waya ba ta kamawa.

Shekara tara ke nan yana wannan dako, daga Bebeji zuwa Kiru, zuwa Tudun Wada, har Doguwa. Ƙarshen watan nan zai ajiye. Bayansa ya gaji da babur, idonsa kuma ya daina ganin ƙananan wayoyi sai da tabarau biyu, ɗaya a kan ɗaya. Ba a shirya masa walima ba. Ni da na shekara ina karɓar rahotonsa a siton shirin da muke yi wa aiki, na ga ya kamata ko rubutu ne a yi masa, tunda rubutu ba ya buƙatar hayar kujeru.

Ga wanda bai san aikin ba, ga shi a taƙaice. A ƙananan asibitocin karkara da shirin namu ke kula da su, kowane firijin allurar rigakafi yana da wata 'yar kwamfuta a gefensa, allo ɗaya tak da bai wuce tafin hannu ba, cikin akwatin roba. Duk minti goma tana rubuta layi ɗaya: ga rana, ga lokaci, ga sanyin firiji. Da wannan rubutun ake sanin ko allurar ta zauna cikin sanyin da ya kamata. Matsalar ita ce 'yar kwamfutar ba ta da agogon kanta. In wuta ta ɗauke ta dawo, sai ta tambayi intanet. In babu sabis, sai ta farka tana rantsuwa yau ɗaya ga Janairu ne, 1970, shekarar da ko ni, da furfurata, ba a haife ni ba.

Maganin da Mujitaba ke yi mata ƙarami ne. Yakan maƙala mata wani ɗan agogo kamar farcen babban yatsa, mai batirinsa daban, wanda ke ci gaba da ƙirga ko da komai ya mutu. Ya zuba masa lokacin da ya ɗauko daga Kwanar Dangora. Sannan ya rubuta wa kwamfutar umarni: in kin farka, kafin ki rubuta komai, fara tambayar agogon nan. Shi ke nan aikin. In ya yi shi daidai, ba wanda zai san ya zo. Shekara tara mutumin nan yana wahala domin kada kowa ya lura da komai, kuma a gaskiya mun ba shi haɗin kai, ba mu lura ba.

Abin da ya sa nake wannan rubutu ya faru ne a ƙarshen wata bazara, a wani ɗan asibiti da ke bakin daji tsakanin Tudun Wada da Doguwa. Mai kula da asibitin, Malama Furera, ta shafe wata huɗu tana zarya rugar Ardo Hamma kafin ya yarda a yi wa yaransu rigakafin ƙyanda. Aka sa Litinin. Laraba kuma za su tashi da shanu, domin manoma sun fara sharar gona. Yara ashirin da uku. In aka rasa su a kwana biyun nan, Allah kaɗai ya san inda za a sake ganinsu.

Mujitaba ya iso da ƙarfe goma, ya tarar da mata sun cika inuwar darbejiya da goyo, Ardo na zaune kan kujerar mai gadi da sanda a tsakanin ƙafafunsa. Bayan an gama gaisawa ya shiga ciki. Firiji na ta gurnani, sanyi lafiya lau. Ya jona laftop, ya tsaya yana kallo. Duk layukan ƙarshe 1970 ne. Ya kwance akwatin, sai ga gurbin batirin agogo fayau.

“Malama, ina batirin nan ya tafi?”

Furera ta dafa ƙofa. “Ni na cire, Malam. Sati uku ke nan. Wata mai ciki aka kawo tana jiri, na'urar gwajin suga ta ƙi tashi, na duba na ga batirinsu iri ɗaya ne. Na ce ai agogo ne kawai, ga wani can a bango.”

“Matar ta samu lafiya?”

“Ta haihu ma.”

“To, alhamdu lillahi. Batirin bai tafi a banza ba.”

Ya zauna a ƙasa ya zaro biro da takarda. Layi na ƙarshe mai kwanan wata na gaskiya ya tsaya ne ƙarfe huɗu na yammacin Juma'a, lokacin da aka yi iskar farkon ruwa, Furera kuma ta riga ta tafi gida hutun ƙarshen mako. Daga nan zuwa inda yake zaune, awa sittin da shida. Ya bi layukan 1970 da bakin biro yana ƙirgawa, ya samu ɗari da sittin da takwas, wato awa ashirin da takwas. Saura talatin da takwas babu labarinsu. Aka kira mai gadi, dattijon ya ce ƙwarai, ranar Lahadi da safe ya ga makunnin solar da ke ba firijin wuta ya faɗi, ya ɗaga shi, bai ga abin faɗa a ciki ba. Layin farko bayan farkawar ya nuna digiri ashirin da huɗu, alhali allurar ba ta son ya wuce takwas.

A nan ne na shigo labarin, kuma ba shigar da zan yi alfahari da ita ba ce. Mujitaba ya hau tudun bayan makarantar firamare, wuri ɗaya da waya ke kamawa a garin, ya kira ni. Na san, shi ma ya sani, kwamfutar ofis tana watsar da duk layin da ya zo da 1970, ba ta ko kallonsa. In ya sa sabon batir ya saita agogo ya koma gida, babu mahalukin da zai ji labari. Ina cin ƙosai a lokacin, na tuna sarai.

Na ce, “Mujitaba, firijin yana da sanyi yanzu ko babu?”

“Yana da shi, Malam Umaru.”

“To ka saita agogonka mu huta mana. Mutane sun taru.”

“Agogon na saita tun ɗazu. Awa talatin da takwas ɗin ne ban san inda zan saita su ba.”

“Kai likita ne?”

“A'a. Shi ya sa zan faɗa wa Malama, ita ta yanke. Kai dai ka sa a haɗa mini wasu alluran a kula mai ƙanƙara, ina zuwa.”

Na yi masa bayanin fom, da sa hannun da ake buƙata, da cewa mai riƙe da makullin ɗakin sanyi ya tafi ta'aziyya. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce zai iso kafin azahar.

Ya sauko ya nuna wa Furera takardar. Ta ɗauko kwalbar allura ɗaya ta ɗaga ta a haske. Tambarin da ke jikinta, mai nuna ko ta sha zafi, ya fara rinewa, bai kai a ce ya lalace ba, bai kuma yi hasken da ya kamata ba. Ta daɗe tana juya ta. Wata huɗunta ne a hannunta. Daga ƙarshe ta mayar, ta ce ba za ta soka wa ɗan kowa wannan ba.

Faɗa wa Ardo shi ne aikin. Suka fita tare, Mujitaba ya durƙusa.

“Baffa, a yi mana haƙuri zuwa la'asar. Maganin da ke nan ya sha zafi, zan je in ɗauko wani.”

Ardo ya dube shi, ya dubi Furera. “Wata huɗu yarinyar nan tana bin mu, har karnukanmu sun daina yi mata haushi. Yau mun zo, kun ce babu.”

“Akwai, Baffa. Ba mai kyau ba ne.”

“Wa ya gaya maka? Ka ɗanɗana?”

“Akwatin can ne ya gaya mini.”

“Akwatin da aka ce bai san ko yau wace rana ce ba?”

Matan suka yi dariya, shi ma ya yi. “Shi ɗin dai. Ranar ce ya manta, zafin bai manta ba.”

Ardo ya buga sandarsa a ƙasa sau biyu. “Ni zan zauna. Matan ban yi maka alkawari ba, nono ba ya jiran la'asar.”

Kai ne, Mujitaba, ka iso sito da ƙura har gira, ka zauna a bakin ƙofa ba ka ce mini uffan ba, har kunya ta tashe ni na hau nawa babur na je gidan ta'aziyya na karɓo makulli. Kai ne ka goya kular nan a baya kamar jariri, ka koma cikin ranar da ko awaki sun nemi inuwa. Da ka zage ni ranar nan, da na samu abin riƙewa. Ba ka yi ba, ka bar ni da kaina, kuma har yau ban gama da ni ba.

Mujitaba ya isa asibitin bayan la'asar. Yara goma sha huɗu suka rage, aka yi musu. Washegari ya goya Furera da kular suka bi hanyar shanu zuwa rugar, suka samu shida. Gida ɗaya ya riga ya ɗaure kaya ya yi gaba tun da safe, da yara uku. Suka bi sawu har bakin rafi, suka dawo.

Rahoton da ya rubuta bai yi wa kowa daɗi ba. An dawo da kwalaben, an kira taro, an yi ta tambayar wa ya cire batir. Ya ce laifin nasa ne, shi ya bar asibiti da batir ɗaya alhali abubuwa biyu ke buƙatarsa. Daga ranar, duk akwatin da ya gyara sai ya manna wani batir a bayan murfinsa da salatif, ya rubuta da biro: “Ɗauki wannan, bar na ciki.” In ya dawo ya tarar an ɗauka, ba ya tambaya, sai ya manna wani. Ku shiga kowane ɗan asibiti daga Ɗansoshiya zuwa Doguwa, za ku ga rubutun hannunsa, karkatacce, yana roƙon a bar agogo ya yi aikinsa.

Makon jiya na je Ba'awa na same shi kwance a tabarma, an sa masa matashi a ƙugu. Na ce masa zan rubuta labarinsa, har na fara lissafa masa irin yabon da na tanada. Ya bari na kai rabi.

“Malam Umaru, mutane nawa ke karanta abin naka?”

Na faɗi adadin da ya ninka gaskiya sau biyu.

“To ka sa musu yaran nan. Gidan wani Sagir ne, ƙanin Ardo Hamma. Mata biyu da namiji. Yanzu babbar ta kai shekara shida.”

Mun gode, Mujitaba na Ba'awa. Allah ya ba ka lafiyar baya, ya sa ka huta hutun da ba a kira ka a waya. Masu tasowa a wannan aiki, ku koyi tsayawa ku ƙirga layi, ko da mai cin ƙosai a ofis ya ce ku bari. Ku kuma ma'aikatan asibitocin da ke kan hanyar shanu, ko ta ina suka bi, in wani Sagir ya zo wucewa da 'ya'ya uku da ba su da kati, ku tsayar da shi, ku gaishe shi da kyau, ku tambaye shi. Akwai mai jiran labarinsu a Ba'awa.