Memorin da ke ƙulle a haɓar zane

Shekarun baya, lokacin ina zaune gaban iyayena a unguwar Luggere da ke Jimeta, ina da wata tsohuwar laftof da sai ta yi nishi kafin ta tashi. Don ta gaza ɗaukar manhajar da kowa ke amfani da ita na saka mata Linux, amma in aka tambaye ni sai in gyara murya in ce ra'ayi ne. Mahaifiyata kuwa ba ta taɓa yarda aikin kirki nake yi ba. In ta leƙo ta gan ni gaban baƙin allo ina ta buga rubutu, sai ta ce, "Injiniya, har yanzu hoton bai zo ba?"

A lokacin akwai wata mata da ta kama ɗaki a gidanmu, ita da 'yarta ƙarama. Rikici ne ya koro ta daga garinsu da tsohon ciki, ta zauna a sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi, a can ta haihu. Mijinta bai tsira ba. Adda muke kiranta, kamar yadda ake kiran babbar yaya a wajenmu.

Wata rana da hantsi mahaifiyata ta shigo da ita ɗakina. Adda ta kwance haɓar zanenta, inda mata ke ƙulle abin da ba sa so ya ɓata, ta fito da ɗan memorin waya. Wayar ta salwanta a hanya, shi kaɗai ya rage. Ta ce, "Hoton maigida na yana ciki. Yarinya na ya fara tambaya, bai san fuskan baban shi ba." Ta riga ta kai shi shagunan masu tura waƙoƙi a Jimeta, duk inda aka saka sai kwamfuta ta ce a yi fomat, wato a goge komai. Wani har ya kai hannu zai danna, ta fizge kayanta ta fito.

Na karɓa ina cika baki. Zufa da wankin zane sun dusashe 'yan layukan ƙarfen da ke jikinsa, sai na goge su a hankali da abin goge fensir. Na saka, shiru, babu abin da ya buɗe. Mahaifiyata ta dube ni ta ce, "To, Injiniya?"

Na ce wa mahaifiyata, "Dada, ki ba ni numfashi mana."

Abin da nake so da Linux shi ne, in na'ura ta ƙi buɗewa da kanta, kana iya haɗa ta da hannunka. Na buɗe baƙin allon nan, na nemi jerin na'urorin da ke jone, sai ga memorin a ƙasa. Yana da rai ke nan. Na buɗe sabuwar folda, na umarci kwamfutar ta haɗa shi a nan, da sharaɗin karatu kawai, kada ta rubuta masa komai. Ta ƙi. Na sake, wannan karon na faɗa mata irin tsarin da memorin waya ke zuwa da shi. Ba ta ce uffan ba, a Linux kuwa shiru alama ce ta an dace.

Na kwafe komai kafin in buɗe ko ɗaya. Ina buɗe hoton farko, sai ga wani dogon mutum tsaye a gonar masara, ya riƙe hula yana dariya. Adda ta zauna a ƙasa daɓas ta toshe bakinta. Aka kira yarinyar daga tsakar gida. Ta daɗe tana kallo, sannan ta sa yatsa a kan allon ta ce, "Mama, shi ma yana da wushirya irin nawa."

Tun daga nan na yi ayyukan kwamfuta manya, wasu har an tafa mini. Amma in gaskiya za a bi, babu wanda nake alfahari da shi kamar wannan, kuma ba na jin kunyar faɗa. Yarinyar ta girma yanzu. In aka tambaye ta kamannin mahaifinta, ba ta juyawa ta kalli uwarta, da kanta take ba da amsa.