Muryar Motar Baffa Sule

Laraba: Kano zuwa Makka

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na bar gidana a Ƙofar Ruwa da jaka ɗaya, harami a sama, sukuddireba da sifanoni a ƙasa. A filin jirgi ma'aikacin da ke duba kaya ya ga ƙarafa, ya tambaye ni Umara za ni ko gareji. Na ce masa duka biyun.

Ni bakanike ne, shekara talatin ina fama da kafireta. Ƙanin mahaifina, Baffa Sule, tun yana saurayi ya zauna a Makka yana tuƙi. Can ya sayi wata jar motar Amurka mai ƙofa biyu, dogon hanci da silinda takwas. Da idonsa ya mutu, motar ta kwanta shekara goma sha biyu. Ɗansa Faisal, ma'aikacin ofis, ya shafe shekara huɗu yana tada ta a ranakun hutu. Ranar da injin ya tashi, Baffa ya saurara ya ce wannan ba motarsa ba ce, an sayar da tasa an kawo wata don a yaudari makaho. Tun daga nan ya daina cin abinci da Faisal a tire ɗaya. Wannan ne ya sa aka turo min tikiti.

Mun tashi ƙarfe tara, muka sauka Jidda uku da rabi agogonsu. Layin biza ya ci awa biyu. Faisal ya ɗauke ni, muka kama hanyar Makka, wajen kilomita ɗari, da shinge ɗaya a Shumaisi inda ɗan sanda ya leƙo ya ga harami ya ɗaga mana hannu. Faisal ya so mu fara biyawa in ga motar. Na ce ban ƙetaro teku don in shiga ƙarƙashin mota da harami ba. Muka yi Umara, ƙugiyoyin gini na tsaye a kan masallacin ta ko'ina.

Alhamis: Shisha

Gidan bene ne a unguwar Shisha, su a hawa na biyu, motar a ƙasa. Mun karya da wake da gurasa mai zafi, na riyal biyar ya ishi mutum uku, amma Baffa nasa kwanon daban. Ya shafa fuskata ya ce na yi ƙiba. Ban ji daɗin ganin yadda Faisal ke miƙa masa shayi Baffan yana kau da kai ba.

Aka yaye tamfol daga kan motar. Fenti kamar madubi, kujeru sababbi, kowane noti yana ƙyalli. Na sa ƙotar sukuddireba a kunne na bi injin silinda bayan silinda. Na daidaita iskar kafireta kaɗan don kada a ce ban yi komai ba, amma gaskiya yaron bai bar min aiki ba. Muka sauko da Baffa, na murza makulli. Ko minti ɗaya bai yi ba ya nemi sandarsa.

"Habu, kai ma sun saye ka? Tawa in ka ɗaga ƙafa daga totur tana ɗan yin fito, kamar buta a kan wuta. Wannan bebiya ce."

Faisal ya rantse, rabi da Larabci rabi da Hausa, cewa lambar bodi tana nan a jikin takarda. Baffa ya ce takarda ta masu ido ce.

Juma'a: saman bene

Bayan mun sauko daga masallaci na tambayi Faisal inda ya zubar da tsofaffin kayan. Ya ce suna saman bene, tun bara yake niyyar kiran mai gwangwan. Muka hau cikin ranar nan ta Makka mai dafa ƙwaƙwalwa. A ƙarƙashin matattun tayoyi na zaro tsohuwar salansa, duk tsatsa. A jikinta akwai faci da aka yi da gwangwanin man shanu, har rubutun Larabcin yana nan dishi-dishi, kuma a bakin waldar akwai wata 'yar kafa da tsinken ashana zai shiga.

Da na ce ita za mu mayar wa motar, Faisal ya ɓata rai. Sabuwar salansar daga Amurka ta zo ta jirgin ruwa, wata uku yana jira.

"Ya Yaya, haram. Wannan shara zan mayar wa sayyara?"

Na ce masa shi mota ya gyara, ni kuwa uba aka kira ni in gyara.

Asabar: Kudai da Arfa

Ƙarfe takwas na safe muka ɗauki tasi da tsohuwar salansar zuwa wajen masu walda a Kudai, riyal ashirin, direban yana ta mitar tsatsa za ta ɓata masa but. Mai waldar da muka samu mutumin Damagaram ne. Yana ganin kafar ya kai wuta zai toshe ta kyauta, na riƙe masa hannu da sauri. Na ce bakin bututun kaɗai zai gyara. Ya dube ni kamar wanda rana ta taɓa, ya karɓi riyal talatin.

Da la'asar muka gama ɗaurawa. Ba mu gaya wa Baffa ba. Faisal ya tada injin, ya taka, ya ɗaga ƙafa, sai ga fiton nan siriri a bayan rugugin. Ya sake takawa. Can muka ji ƙwanƙwasar sanda a matakala. Mutumin da sai an riƙe shi yake saukowa, ga shi shi kaɗai yana lalubar bango, ba ko takalmi. Ya dafa bonet ya daɗe a tsaye.

"Ashe tana nan," ya ce. "Faisal, ina kake?"

Na juya na shiga tattara sifanoni.

Mun cika tanki da riyal arba'in, abin da ya sa na tuna layin mai na gida na yi tsaki. Muka nufi Arfa, kamar kilomita ashirin, fili fetal ba kowa tunda ba lokacin aikin Hajji ba ne. Baffa na gaba, gilas a sauke, yana faɗa wa Faisal lokacin sa giya tun kafin injin ya nema. Ya ba mu labarin facin: dutse ne ya fasa salansar a hanyar Ɗa'ifa shekarar da aka haifi Faisal, suna dawowa da shi daga gaida kakanni.

Talata: gida

Na bar Jidda da hantsi, na iso Kano kafin magariba, da dabino, zamzam da sabuwar salansar Amurka da Faisal ya ce in tafi da ita kada ya riƙa ganinta. Tana rataye a garejina. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa mutanen Shisha da mai waldar da ya ji maganata. Abin da na fi riƙewa shi ne cin abincin ranar Asabar ɗin. An kawo shinkafa da nama a tire, aka kawo wa Baffa kwanonsa daban kamar kullum. Ya ture kwanon, ya matso, ya laluba ya sami tsoka mafi girma, ya tura ta gaban Faisal.