Sunan Ɗan Farin Lantana

Innarmu Lantana mai daddawa ce a Tsibiri. Duk wanda ya sha miyar kuka a garin nan shekarun baya, da wuya in ba daddawarta aka jefa masa ba. Ita ke dafa kalwa, ta surfe, ta wanke, ta rufe ta har ta nuna, sannan ta daka ta shanya a kan tabarma. Warin ya kama zannuwanta har sabulu ya haƙura da su. Ba ta da yawan magana da mutane, amma a cikin gida bakinta ba ya hutawa da kiran sunana. Ni ce auta, Ummu Hani, kuma in da kira yana cinye suna, da nawa ya ƙare tun ina yarinya.

Akwai sunan da ba ta taɓa kira ba, na babban yayanmu Jibirin. Shi ne ɗan farinta. Haka matan zamaninta suke da ɗan fari: ba a faɗin sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Ana yaye shi kakarmu ta wajen uba ta goya shi ta tafi da shi Bakura, can ya tashi, can ya yi aure, can yake noman shinkafa har yau. Sai dai Inna ta wuce sauran mata a wannan kunya. In za ta yi zancensa sai ta ce "wancan na Bakura". In wani yaro mai irin sunan ya zo sayen daddawa, sai ta ce masa "kai, mai sunan mutane". Shi kuma Yaya yake ce mata, kamar yadda ya ji ƙannen mahaifinmu suna faɗa. In ya zo gaishe ta, ya durƙusa daga bakin ƙofa, ita ta juya fuska bango, gaisuwar ta bi ta hannun duk wanda ke kusa.

Bayan rasuwar mahaifinmu ƙafafunta suka soma kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya. Na ɗauko ta na kawo ta gidana a Talata Mafara, muka je asibiti. Likita ya duba ta, ya ja ni gefe ya ce zuciyar ta gaji, a lallaɓa ta kawai. Da muka dawo gida ta zauna a kan tabarma tana kallona.

"Ummu Hani, mi likitan ga yac ce miki da kunka koma gehe?"

Na ce, "Cewa ya yi ki rage gishiri."

"Ƙarya kike, auta. Na ga huskatai."

Ban musa ba, don ban taɓa yi mata ƙarya ta kwana ba. Ta gyara zama ta ce akwai abubuwan da ba ta taɓa yi ba a duniya, kuma tana son ta yi su tun ƙafa tana ɗaukarta. Na zaci Makka za ta ce, har gabana ya faɗi, don na san ƙarfinmu.

Ta ce, "Ban taɓa cin nama a kasuwa ba, a tsaye, mutane na gani. Ban taɓa zuwa bakin ruwan da yac cinye gonar babana ba. Sai guda, ita ta babba." Ta daɗe tana murza bakin zanenta. "Wancan na Bakura. Ina son in kira shi da sunanai, shina ji, kahin in tahi."

Na ce, "Wannan ai ba aiki ba ne, Inna. Ga waya, yanzu sai in kira miki shi."

"Ke dai ba ki san komi ba. Abin da harshe ya shekara sittin bai ɗauka ba, ba ya ɗaukatai rana guda. Bari mu hwara da masu sauƙi."

Ranar Talata muka shiga kasuwa. Na riƙe hannunta muka ratsa 'yan hatsi da 'yan albasa har wurin masu tsire. Ta tsaya ta gaida mai naman kamar surukinta, ta tambayi gida, ta tambayi gajiya, ta tambayi kasuwa, ta tambayi iyali, mutumin yana amsawa yana juya tsinke. Da aka miƙo mata sai ta ja mayafi ta rufe rabin fuska za ta ci a ɓoye. Na fizge mayafin na ce ba haka muka yi da ke ba. Haƙoranta 'yan kaɗan ne suka rage, don haka ta daɗe a kan yanka guda, idonta a ƙasa, gumi yana tsattsafo mata a goshi. Wata mata 'yar Tsibiri ta wuce, ta gan ta, ta kama baki. Inna ta ɗaga kai ta gaishe ta da nama a hannu. A hanyar gida ta ce, "Ashe ba a mutuwa." Can kuma ta ƙara da cewa yajin ya yi yawa.

Na ɗauka daga nan an gama. Ranar Juma'a Jibirin ya zo a kan babur da ɗan buhun shinkafa a baya. Mutum ne dogo, mai furfura a gemu, shi ma maganarsa ba ta da yawa. Ya cire takalmi ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Yaya, ina wuni? Ya jikin? An samu sauƙi? Allah shi ƙara lahiya."

Na zuba mata ido. Na ga leɓenta ya motsa. Sai ta juya fuska bango ta ce, "Ummu Hani, ki ce mai da sauƙi. A ba baƙo ruwa." Raina ya ɓaci ƙwarai. Da ya tafi na yi mata faɗa kamar ni na haife ta, na ce tsire kin iya ci a gaban duniya, ɗan da kika haifa ne ya gagare ki. Sai ta ce in shirya mu je ruwa.

Maigidana Malami ya samo mana mota muka nufi wajen Maradun, bakin dam ɗin Bakolori. Tun lokacin da aka tare ruwan ya hau gonakin mutanensu, Inna ba ta taɓa yarda ta je ta gani ba, duk da kusancin. Da muka isa ta tsaya tana kallo, hannunta a kafaɗata. Ta ce ba ta san ruwa yana yin yawa haka ba. Muka sami wani masunci ya yarda ya ɗauke mu a kwalekwale. Shigar da ita sai da ni da Malami muka ɗaga ta, tana ta salati. Ta ce wa masuncin ya kai ta wurin wata kuka mai rassa biyu da ke gabas da gonar babanta. Mutumin ya ce shi tun da ya tashi ruwa ya gani a nan. Ta nuna wani wuri da hannu, ya tuƙa mu can, ko da yake babu abin da ya bambanta wurin da sauran.

A nan ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Ta ce ranar da aka zo tafiya da ɗan farinta Bakura, tana daka a tsakar gida. Kakarmu ta goya shi, yana kuka yana miƙo hannu wajenta. Matan gida duk sun zuba ido su ga ko za ta ɗaga kai. Ba ta ɗaga ba. Gero aka ba ta ta surfa, ta yi ta luguden taɓarya har ya zama gari, har kukan ya ɓace a bayan gari. Nononta ya kwana yana zuba, ta ɗaure shi da tsumma.

"An yaba mani," in ji ta. "An ce ba a taɓa ganin yarinya mai kunya awa ni ba. Na ɗauki yabon ga na riƙe, ina jiran ranar da za shi yi mani daɗi. Har yau bai yi ba."

Sai ta sunkuya ta taɓa ruwan da yatsunta, ta ce, "Jibirin." Muryar ta fito a shaƙe, ba ta yi kama da tata ba. Ta sake faɗa. Masuncin ya kau da kai ya shiga gyaran ragarsa. Ni kuwa kuka na yi, ban ɓoye ba, don a ranar na gane ba taurin kai ne ya riƙe ta ba.

Daga nan ta riƙa koyon sunan kamar mai koyon karatu. Da safe ina hura wuta sai in ji ta a ɗaki tana faɗa a hankali. In na leƙa ta yi shiru ta ce mi nike kallo. Na ce mata saura ki riƙa ba ni sisin kwabo duk kira, tunda nawa sunan ya samu hutu. Ta so mu je Bakura ta same shi a gona, ta ce a fili zai fi mata sauƙi. Ƙafar ce ta ƙi. Kumburin ya hau har gwiwa, kwanciya ta gagara sai an jingina ta da matashi. Na ga lokaci yana tafiya, tsoro ya kama ni, na aika wa Jibirin cewa ya zo. Ban gaya masa dalili ba, don ta hana ni.

Ya zo bayan la'asar. Ya durƙusa a inda ya saba, ya yi gaisuwar da ya saba, ni na amsa masa. Inna tana jingine, fuskarta a bango. Ya ɗan zauna, ya tambaye ni magani, ya ba ni labarin tsuntsaye da suka dami shinkafa bana. Na yi ta jan hira ina satar kallonta, ba ta motsa ba. Da ya ga rana ta yi sanyi ya yi sallama ya miƙe. Ya sa takalmi ɗaya, yana laluben ɗayan da ƙafa.

"Jibirin."

Ya ɗaga kai ya dubi tsakar gida, ya dubi zaure, yana neman wanda ya kira shi. Ko kusa bai dubi ɗakin ba. Abin nan ya fi komai ci mini rai. Inna ta juyo da fuskarta gaba ɗaya, ta dube shi ido cikin ido.

"Jibirin. Ni ta. Ni nika kiranka."

Ya tsaya kamar an dasa shi. Bakinsa ya buɗe, babu abin da ya fito. Sai ya sunkuya ya ɗauki takalmin a hannu ya fita da sauri, ƙafa ɗaya ba takalmi. Muka ji tashin babur.

Na miƙe zan bi shi, ina faɗin duk abin da ya zo bakina. Inna ta riƙe mini zane.

"Ya ji?"

Na ce, "Ya ji mana. Kurma ma ya ji."

"To, ƙyale shi. Ni na shekara sittin. Shi ma a ba shi lokaci."

Lokacin ne babu. Da asuba na kawo mata ruwan alwala na tarar harshenta ya karye. Idonta a buɗe, tana numfashi, amma magana ta tafi. Malami ya kira Jibirin a waya, ashe yana hanya tun kafin a kira. Daga baya ya gaya mini cewa jiya bai wuce gida ba, bakin hanyar ruwan gonarsa ya je ya zauna har aka kira magariba. Ya ce shi ma bai san yadda ake amsa mata ba, bai taɓa yi ba.

Da hantsi ya shigo. Wannan karon bai tsaya a bakin ƙofa ba. Ya tako har gaban shimfiɗarta, inda ban taɓa ganin ya kai ba, ya durƙusa, ya kawo bakinsa kusa da kunnenta.

"Na'am," in ji shi.

Ba ta motsa ba. Ya sake faɗa. Dattijo da furfurarsa, hawaye yana bin gemunsa, yana ta amsa kiran jiya. Can ya ce, "Na'am, Inna. Ga ni."

Sai na ga yatsunta sun motsa a kan shimfiɗa. Ta lalubi bakin mayafinta ta ja shi kaɗan, iyakar ƙarfinta. A hankali ta karkata kai ta juya fuskarta bango. Ta rasu a ranar, kafin la'asar, aka kai ta Tsibiri kusa da mahaifinmu.

Har yanzu in Jibirin ya zo Mafara cin kasuwa yakan biyo ta gidana. Mu gaisa, ya sha ruwa, ya yi zancen shinkafa. In ya tashi tafiya, yana sa takalmi, sai ya tambaye ni ba tare da ya dube ni ba.

"Auta, kin tabbata ta ji?"

Kullum amsa ɗaya nake ba shi, kuma ba don in kwantar masa da rai ba ne. Tun da asuba nake kanta a ranar, na kira ta, maƙwabta sun kira ta, ba ta juya wa kowa ba. Inna ba ta taɓa juya fuska bango don wani mutum ba a duniya, sai shi.