Saniyar da Ba Ta da Tozo

Shekarun baya, tun ina da gashi a kai kuma ina ganin duk ƙasar Magarya babu wanda ya kai ni dabara, na taɓa ɓoye wa mahaifina saniya. Kar ku yi saurin tsine mini, saniyar ta kwano ce.

Lokacin babban farin nan bai daɗe da wucewa ba. Ni ɗinkin buhu nake yi a wani kantin sayen gyaɗa a Magarya, to gyaɗa ta ƙi, kanti ya rufe, kowa ya kama gabansa. Ranar da ake kwashe kaya na tarar an jibge allunan talla a bayan sito, irin na kwano masu fenti mai santsi kamar na langa, waɗanda suke kafe a bangon kantin tun ban san hannun damana ba. Maƙera ake jira su zo su yayyanka su, su yi murhun gawayi. Na roƙi mai gadi, ya ce in ɗebi abin da zan iya ɗauka. Na ɗaure su da igiya na hau amalanke da su har gida Bande, duk wanda muka gamu da shi sai ya tambaye ni ko ƙyaure zan yi.

Maiɗakina na ganinsu ta ce ai wannan kayan jere ne. Ta goge su da toka da soso har suka ɗau ido, ta kakkafa su a bangon ɗakinta tsakanin fanteka da kwanukan aurenta. Matan unguwa suka yi ta sintiri kamar gidan suna. Sai mahaifiyata ta leƙa, ta yi ido biyu da matar da ke kan allon sabulu, ta ce ita dai ba za ta yi salla a ɗakin da wata ke yi mata murmushi daga bango ba, kuma ba ta ga ta inda mala'ikun rahama za su shigo ba. Maganar Inna ba a mayar da ita. Washegari muka kwashe su zuwa rumfar da muka buɗe a bakin tasha, inda maiɗakina ke dafa shinkafa da wake ni kuma ina miƙa wa mutane.

Nan fa kasuwa ta buɗe. Akwai allon keke da wani mutum mai gashin baki a kai, akwai na fitila da haskenta ya cika allon, akwai kifi mai dariya alhali yana cikin gwangwani. Direbobi suka sa wa wurin suna rumfar hotuna. Mutum zai sayi abinci kaɗan ya zauna ya yi ta kallon bango har miya ta huce, in ya tashi kuma ya tafi ya kawo ɗan'uwansa. Ni kuwa sai hura hanci nake yi, ina ba da bayanin hotunan da ni ma ban san komai a kansu ba.

Allo ɗaya ne ban kafa ba. Saniya ce a jiki, fara da baƙi, tana tsaye cikin ciyawar da ta kai mata gwiwa, hantsarta kamar an kife ƙwarya, ga ƙararrawa a wuya, ga wani dutse mai farin kai a bayanta. Shi ya fi duka kyau. Na juya fuskarsa bango a bayan randa, na ce wa maiɗakina ko da wasa kar ta bari Baba ya gan shi.

Dalili kuwa shi ne, mahaifina mai shanu ne. Yana noman gero a wajen Kwaya, amma ransa na cikin garke, jajayen shanu masu dogon ƙaho waɗanda ya gada daga ubansa. Da fari ya tsananta ya kora su kudu neman ciyawa. Ya dawo da sandarsa da igiyar ɗaure maruƙa a kafaɗa, ko ɗan maraƙi bai biyo shi ba. Bai taɓa gaya mana yadda suka ƙare ba. Na ɗauko shi da Inna zuwa Bande, ya shiga zaure ya zauna, shi ke nan. Mutumin da a da in ya yi magana a bakin rijiya ake jinsa a cikin gari, ya koma sai dai ɗaga kai da girgiza kai. Fura in an dama masa sai ya kurɓa sau ɗaya ya ture. Kullum da safe in na duba shi sai in ga rigar ta ƙara yi masa yawa, tsoro ya kama ni, don a fili nake ganin mahaifina yana tafiya.

Amininsa na Waca, wanda Allah ya bar wa 'yan shanu kaɗan, ya tako har gida ya ce ya ware masa karsana habbanaye. Ga waɗanda ba su sani ba, habbanaye aron saniya ne tsakanin aminai: a ba ka karsana ka riƙe, ta haifa maka, 'ya'yan su zama naka, sannan ka mayar da uwar ga mai ita. Ba a ƙin wannan alheri, ƙinsa ma abin kunya ne. Amma Baba ya ce, "Wanda garke ya mutu a hannunsa ba ya karɓar amanar saniya." Tsohon ya tafi yana share ido da bakin rawani.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, muka yanke shawarar kai shi wurin lokotoro, wato likita, a Magarya. Ana gobe tafiya hadari ya taso da iska, ya yage zanar rumfarmu ta gabas. Ni ina gida ina fama da lallashin Baba, maiɗakina ta yi sammako ta tarar da wawakeken rami, iska na kashe mata wuta. Ta duba ba ta ga abin toshewa ba, sai ta jawo allon saniya ta ɗaure a wurin. Kuma da yake mace ce mai son ado, ba ta ga dalilin da zai sa ta bar wa 'yan waje kyakkyawar fuskar ba, ta juyo da ita ciki. Ta manta sarai a rumfar za mu jira mota.

Na shigo riƙe da hannun Baba na zaunar da shi a benci, ina ɗaga kai muka yi ido huɗu da saniya. Na harari maiɗakina, ta dafe baki. Dabarar da ta zo mini ita ce in tsaya tsakaninsa da allon, in buɗe hannuwan riga kamar mai shanya, ina ta surutu a kan tsadar wake. Ni da nake siriri kamar kara, wai ni ne zan kare saniya.

"Kauce," in ji Baba.

Na yi kamar ban ji ba. Ya sa sanda ya ture ni gefe a hankali, yadda yake ture maraƙi daga bakin komin ruwa. Ya miƙe da kansa ba tare da na kama shi ba, ya je gaban allon ya tsaya har numfashinsa na taɓa fentin. Rumfar cike take don ranar kasuwa ce, kuma da yawa daga masu cin abincin irinsa ne, mutanen da fari ya raba da dabbobinsu. Duk aka daina tauna. Ya ɗora yatsa a wuyan saniyar, ya bi gadon bayanta a hankali, ya tsaya a kafaɗa, ya koma ya sake bi.

"Ina tozonta?" ya tambaya.

Wani dattijo ya ce mai zanen ne bai gama aikinsa ba. Wani ya ce ƙarya ce kawai ta nasara, babu saniya mai irin wannan hantsa. Wani direban kamyo, babbar motar kaya, ya rantse cewa a can ƙasashen sanyi haka shanunsu suke, ba tozo, ƙaho ɗan guntu, kuma ciyawa ba ta ƙonewa. Gardama ta kaure, kowa ya taso yana nuna wani wuri da ɗan yatsa mai miya. Baba kuwa hankalinsa na kan saniyar. Ya duba kofatonta, ya duba gwiwa, ya duba leɓen wuya, kamar yadda yake yi a kasuwar shanu in zai saya. Sannan ya ce tozo guzuri ne, Allah na ba da shi ga saniyar da za ta sha wuya, wannan kuwa kofatonta bai taɓa tafiyar yini ba, idonta bai taɓa jiran guga ba. Ya ce mai zanen bai yi ƙarya ba, don wanda bai taɓa ganin ƙosasshiyar saniya ba ba zai san yadda take sakin kunne haka ba.

Ya juyo ya dubi direban ya ce, "Yanzu haka da muke nan, tana can tana ci?"

Direban ya ce in ba ita ba, to jikokinta.

Baba ya gyaɗa kai ya yi ta gyaɗawa. Daga baya ne ya gaya wa Inna cewa a hanyar kudu ya ga gawar shanu har ya daina ƙirgawa, ya sa a ransa cewa Allah ya janye ciyawa daga duniya gaba ɗaya, saura jiran tashin kiyama. Amma a ranar bai faɗi wannan ba. Abin da ya yi shi ne, ya jingina sandarsa a kafaɗa, ya ɗaga haɓa, ya yi kiran nan da yake yi wa garkensa in rana ta yi sanyi. Muryar ta fito a dishe da farko, sannan ta buɗe, ta cika rumfar ta fita tasha. Rabona da jin kiran nan tun kafin fari. Dattijon da ya ce ba a gama zanen ba ya sunkuyar da kai yana kuka a fili, ba wanda ya ce masa ya yi haƙuri. Maiɗakina ta tsaya da ludayi a hannu har shinkafa ta kama. Na sha ganin abin mamaki a rayuwata, amma ban taɓa ganin rumfa cike da maza sun yi tsit suna sauraron ana kiran saniyar kwano ba, kuma wallahi a lokacin har da ni a masu jiran ta waiwayo.

Da ya gama ya zauna, ya dubi surukarsa ya ce, "'Yar nan, akwai fura?" Ya shanye ƙwarya guda. Motar Magarya ta cika ta tashi muna kallonta.

Daga ranar kullum sai ya tako rumfa ya zauna gaban allon. Tsofaffin makiyaya suka mai da wurin majalisa, ana ta musu a kan ko za ta iya jure ƙudan tsando, ko nononta zai yi mai. Ni na ɗauka magani ya samu, har na fara yaba kaina, ina cewa ai ni na ɗauko allon daga Magarya. Sai maiɗakina ta tuna mini wanda ya kife shi a bayan randa.

Wata safiya bayan damina ta zauna sosai, na gan shi yana kallon saniyar ba irin kallon da ya saba ba. Ya kira ni ya ce, "Wannan ba ta bukatar kowa. Ko na zo ko ban zo ba a ƙoshe take. Ka aika Waca, ka ce in karsanar nan tana nan, kuma in har yanzu ramammiya ce, a kawo."

Ramammiya ce kuwa. Da aka kawo ta ana iya ƙirga haƙarƙarinta daga nesa, kaska ta cika mata kunne, tozon ya kwanta gefe kamar tsohuwar hula. Baba ya zagaya ta yana yi mata faɗa kamar 'yar da ta daɗe a yawo, ya durƙusa ya fara cire mata kaska ɗaya bayan ɗaya. Bai sake zama a rumfa ba. In ya biyo ta tasha da yamma da damin harawa a ka, sai dai ya leƙo ya ɗaga wa ta kwanon hannu ya wuce. Karsanar ta haifa masa maruƙa, kuma ranar mayar da ita ya ƙi a ɗauko mota ko amalanke, ya kora ta a ƙafa har Waca, ya damƙa igiyar a hannun amininsa, saniyar tana sheƙi.

Yanzu in jikokina suka kai ni gidajen abinci a Damagaram, ina ganin sun rataye irin allunan nan a bango, wasu ma sababbi ne aka shafa musu tsatsar ƙarya don su yi kama da na da. Yara suna dariya in na tsaya ina ƙare musu kallo abinci na hucewa. Ba na jin haushinsu. Ni na san abin da na gani, kuma na koyi cewa ba ni ke da sanin abin da zai karya zuciyar mutum ko abin da zai ɗinke ta ba. Na so in kare mahaifina daga abin da Allah ya aiko don ya tashe shi.

Sai da babban ɗana ya shiga lakwal, wato makarantar boko, ya iya karatun nasara sannan ya karanta mini rubutun da ke ƙasan allon, ashe tallar madarar gwangwani ce. Wani bawan Allah a wata ƙasa mai sanyi ya zauna ya zana saniya don a sayi madara, bai san akwai Bande a duniya ba. Har yau in na tuna shi ina yi masa fatan alheri, kuma ina jin nauyinsa, don ya dawo mini da ubana, mu kuwa ko gwangwani ɗaya na madarar ba mu taɓa saye ba.