Ermete Mai Tada Inji da Baki

Faɗa ɗaya na san Ermete ya taɓa yi da matarsa Dirce, shi ma ƙasa ya sha. Suna sabon aure, ranar bikin waliyyin garinmu Modena, ya ce ba zai je coci ba, ƙarar inji ta fi masa ƙararrawa daɗi. Dirce ta fita waje. Ta buɗe gaban motarsa ta kwance fulogogi, ta zuba su a tukunyar romon taliyar tortellini.

"Ka ci abincinka, mai gida, sai mu tafi."

Da ƙafa ya je, yana ƙamshin romo. Ni maƙwabciyarsu ce, ta taga na gani, ni kuma na baza wa unguwa.

Bakanike ne, irin masu gane ciwon mota da kunne tun daga bakin titi. Yanzu ya tsufa, hannu na rawa, Dirce kuwa mantuwa ta cinye ta. "Bawan Allah" take kiransa. 'Yarsu Loredana ta samo mata gado a gidan tsofaffi na sistocin coci. Ermete ya roƙe ta ta dakata: in uwar ta gane shi ko sau ɗaya, a bar masa ita a gida. Loredana ta yarda, ta ba shi mako ɗaya.

Sai ya shiga yawo da ita, ni ke tura keken guragu, ni da gwiwata ta fi ta kowa lalacewa.

"Tsohon banza, kashe ni za ka yi kafin a ɗauke ta?"

"Tura dai, Cesira, bakinki ya ishe ki mai."

Mun kai ta cocin da aka yi mata baftisma, da wanda aka ɗaura musu aure. Mun sauka da ita ƙarƙashin babban coci, wurin kabarin waliyyi. Kowace addu'a ta kawo ta ba tuntuɓe, har ta gyara wa wani fada, limamin coci, karatu. A cocin aurensu Ermete ya tsuguna gabanta da ƙyar ya ce, "Dirce, nan na sa miki zobe." Ta laluba jaka ta miƙa masa sadaka.

Ranar da ta rage masa, Loredana ta biyo mu gidan ajiye tsofaffin motoci da ke bayan gari. Dirce ta ga shiru da sheƙi, sai ta yafa gyale ta soma raɗa kamar a coci. Can a lungu ga wata 'yar ƙaramar mota, irin wadda Ermete yake zuwa zance wurin Dirce da ita. Ermete ya kama hannun mai gadi.

"Ɗana, tada min ita. Sau ɗaya."

Mai gadin ya ce, "Baba, ba mai, ba batir. Ado ce kawai."

Ya roƙa har muryarsa ta dishe. Daga nan ya dafa keken, ya kai baki kunnen Dirce, ya shiga tada inji da leɓɓansa. Tsoho fari fat, yawu na tartsatsi, baƙi na ɗaukar hoto.

Dirce ta karkata kai ta saurara.

"Bawan Allah, injinka tari yake yi. Je gidanmu, mijina na nan yana jirana, da kunne zai gyara maka."

Loredana ta fashe da kuka. A waje ta tare ubanta.

"Baba, ka gani da idonka. Ba ta san ka ba! Jiya ta kunna murhu ta manta. Kai ma faɗuwa kake yi. So kake in binne ku tare?"

Gaskiya ta faɗa, har na buɗe baki in taya ta. Ermete ya goge haɓarsa da hannun riga, ya karɓe keken daga hannuna.

"Kin ji ta da kunnenki. Ta ce mijinta na gida yana jiranta. Ke ce za ki mai da uwarki maƙaryaciya?"