Haƙorin da Ya Kusa Fasa Auren 'Yar Yayana

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da Juma'ar da na girgiza wa liman kai a gaban jama'a ba.

Ni ne waliyyin 'yar marigayi yayana, kuma ranar za a ɗaura mata aure bayan an sauko daga masallaci. Sati guda wani haƙori na can ciki ya hana ni sakat, don haka da safe na je asibiti a nan Kontagora. Likita ya yi min allura, ya huda haƙorin, ya cire jijiyar da ta ruɓe, ya toshe. Ya miƙo min ƙwayoyi ya ce, "Alhaji, ka sha yanzu, tun kafin allurar ta sake ka."

Na taɓa kumatuna, na ji kamar ba nawa ba. Na ce a raina, wa ke shan magani babu ciwo? Na bar su a aljihun rigar da na cire. Yanzu in na tuna, mamakin taurin kaina nake yi.

Dangin ango sun zo daga Bangi, ƙofar gida ta cika. Ana cikin addu'a na ji muƙamuƙina ya fara zugi. Daidai lokacin da liman ya juyo ya ce, "Waliyyi, ka bayar?" sai na ji kamar an kafa min ƙusa har cikin kunne. Bakina ya ƙi buɗuwa. Hawaye suka zubo, na dinga girgiza kai.

Wakilin ango ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Subhanallahi! In da magana, Alhaji, ai da an gaya mana tun muna gida."

Da ƙyar na iya furta, "Haƙori!" Liman ya zaunar da mutane, ƙanena ya ruga ya ɗauko maganin. Sai da aka jira ni kusan rabin awa kafin na ce na bayar.

Ashe labari ya riga ya shiga cikin gida. Na tarar da amarya a ƙasa, idanu jawur. Ta ce, "Baffa, me na yi maka?" Wannan tambayar ta fi haƙorin yi min zafi.

Daga ranar na gane wani maganin ba na ciwon da kake ji ba ne, na wanda ke tafe ne. In masani ya ce yanzu, to yanzun yake nufi.