Shuɗin Ruwan Sabi'u Guduma

Shekara tara ke nan da muka kai Sabi'u Guduma makwancinsa, amma har yau in na bi ta bayan Ƙofar 'Yandaka na ji ƙarar injin wankin mota, sai haƙarƙarina ya amsa. Kewa ce, i, amma kuma a wurin aka karya min guda biyu.

Sabi'u aminina ne tun ƙuruciya. Sana'arsa wankin mota da kayan inji. Makanikai su kawo masa ƙarafa, ya dirje su da fetur da garin sabulu, ruwan ya gangara kwata baƙi ƙirin. Ruwan nan in ka tsoma yatsa, sai sallah ta zagayo kafin ka sake ganin farcenka.

Gab da babbar sallah, ragon maƙwabcinsa Alhaji Mamman mahauci ya tsinke igiya ya sha ruwan kwatar. Kafin la'asar ya kumbura, kumfa na fita ta hanci, ya mutu ba a samu sa masa wuƙa ba. Ina kan benci ina cin gyaɗa sai ga 'ya'yan Alhaji da gora da ƙotar gatari. Ni dai mutum dubu na gani, ko da yake Sabi'u ya ce ba su cika goma ba. Suka fasa masa goshi, jini ya rufe masa ido, shi kuma ya zari bel ɗin inji ya shiga zabga wa duk wanda ya matso. Na tashi rabo, wani ƙato ya ɗaga ni ya maka da bayan akori-kura.

Mai unguwa ya yanke magana: in ruwan nan ya sake cutar da mai rai, Sabi'u ya kwashe kayansa. Wurin kuwa shi ke ciyar da gidansa.

Da ɗauri a kai Sabi'u ya haƙa rami ya shafe da siminti. Ruwan wanki ya taru a ciki, baƙin mai ya taso sama, ya kwashe. Sauran ya bi ta duro mai tsakuwa, ya bi mai yashi, ya bi mai gawayi, ya sauka a na ƙarshe garau. Da shi yake sake wanke motoci.

Garau ɗin nan ne ya jawo sabuwar fitina. Mutanenmu in sun ga ruwa launinsa bai sake ba, to na alwala ne. Ana kiran azahar sai masu buta su nufi duron, har da kurkure baki. Sabi'u ya san gawayi ba ya cire dukkan dafin. Ya hana da baki, ba a ji ba. Ya sa murfi, aka ɗaga. Sai ya koma bel. Na ga ya zabga wa wani direban tanka har riga ta tsage, direban ya dawo da sifana ya karya masa yatsu. A makonnin nan jinin da ya zuba a wurin ya isa wanke tirela.

Ran nan Alhaji Mamman da kansa ya tsuguna da butarsa. Sabi'u ya hamɓare butar, ya ɗaga bel. Dattijo ne sa'an ubansa. In ya doke shi an rufe wurin, in ya bar shi ya kurkure baki ya kwanta ciwo, nan ma an rufe.

"Baba, wanga ruwa ƙanen wanda ya kashe ragonka ne!"

"Kai Sabi'u, ni za ka koya wa tsarki? Dubi ruwa tas. Ka ga launinsa ya sake?"

Sabi'u ya dubi ruwan. Ya sauke bel, ya ruga gida, ya dawo da bular wankin matarsa ya juye a duron. Ruwa ya koma shuɗi. Alhaji ya leƙa, ya ce, "A'a, wannan kam ba ya alwala," ya tsinci butarsa ya wuce. Daga ranar ba wanda ya sake kusantar duron.

Yanzu wuraren wankin mota sun cika gari har unguwar Kambarawa, kowa da rijiyar burtsatse da injin feshi, ruwa na kwarara kwata da mai a samansa, awaki na lasa. Nakan tambayi kaina me Sabi'u zai ce. Na san amsar: ba zai ce komai ba, bel zai nema.

A kan gadonsa ya cika bayan gajeren ciwo, abin da ya ba duk wanda ya san shi mamaki. Ƙaninsa ke riƙe da wurin, kuma kowace safiya yana zuba bula a duron ƙarshe. Baƙi kan tambaya ko maganin ƙyalli ne, ni kuma in rantse musu daga ƙasar waje ake kawo shi. Bel ɗin yana nan rataye a ƙusa, ya bushe ya tsattsage, don ba a sake sauke shi ba.

Allah ya jiƙanka, Guduma. Haƙarƙarina dai na yafe.